Taswirar cikin mota da baƙin direbobin Zawaciki

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, cikin Janairun 2023, ake sa ran ƙaruwar baƙin direbobi a hanyar Panshekara, masu nufin masana'antun Challawa da Sharada, ko masu ratsa gari zuwa Bompai. Baƙon yau kuwa ba kasafai yake tsayawa tambaya ba. Abin da allon gaban motarsa ya faɗa, shi yake bi.

Sai dai allon bai san Kano ba. Motocin da ake shigowa da su na hannu, taswirar Amurka ko ta Turai ce a cikinsu, don haka amfaninsu a nan bai wuce rediyo da kiɗa ba. Mai hali yakan sa a cire, a ɗaura masa allon Android mai Google Maps. Shi kuma ba ya tambayar tsawon mota balle nauyinta. Hanyar da ya zaɓa wa ƙaramar mota, ita zai nuna wa tirela mai ɗauke da kwantena, ko da lungun unguwa ne. Idan ta maƙale, mai kayan ne zai biya kuɗin jinkiri, ma'aikaci kuma ya makara a cunkoso.

Ga kuma dokar hanya, wadda ta hana direba latsa waya yana tuƙi, ko da taswira yake dubawa.

A ganina, maganin ba na'ura mai tsada ba ne. Gwamnatin Kano ta ayyana hanyoyin manyan motoci, ta kafa alamomi da Hausa da Turanci tun daga ƙofar tashar, KAROTA kuma ta tsaya a kansu.