Gasar Jiragen Sama: Wa Ke Cin Moriyarta?

Duk wanda ya taɓa tura ɗansa karatu ƙasar waje, ko ya yi tarin kuɗin ziyarar Urushalima, ya san yadda tikitin jirgi ke lashe guzuri. An sha gaya mana cewa idan gwamnati ta janye hannunta daga harkar, gasa za ta karya farashi. Amurka ta yi haka a 1978. Mu ma an buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa a shekarun 1980, irin su Kabo na Kano da Okada suka shigo, Nigeria Airways kuwa ya yi ta rarrafe har aka rufe shi a 2003.

To amma manyan kamfanonin duniya ba su zauna jiran gasa ba. Sai suka haɗa kai ƙungiya-ƙungiya: Star Alliance a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Ka sayi tikiti ɗaya, wannan ya ɗauke ka ya miƙa wa abokinsa, kayanka na biye da kai. Akwai sauƙi a ciki, babu musu. Sai dai waɗanda ya kamata su yi takara sun zama abokan tarayya, kuma babu kamfanin Nijeriya ko ɗaya a cikinsu. KLM ya daina zuwa Kano a 2012. EgyptAir da Ethiopian da ke sauka can, dukansu 'yan Star Alliance ne.

A ganina, abin da ya faru a Legas ya isa shaida. Da Air Peace ya fara zuwa Landan a watan Maris na 2024, ya sa tikitin zuwa da dawowa a kan Naira miliyan 1.2, nan da nan kamfanonin waje suka zabge nasu farashin. Ashe dama da sauran rangwame a hannunsu!

Wannan sauƙi fa na mutanen Legas da Abuja ne. Mutumin Manga sai ya fito Zuru, ya bi hanyar Kontagora zuwa Abuja, ko ya nufi Birnin Kebbi ya hau jirgin cikin gida, ya biya mota da masauki kafin ya taɓa kuɗin tikitin. Ƙasashen Afirka sun amince a Yamusukro tun 1999 za su buɗe wa juna sararin samaniya, aka sake ƙaddamar da shirin a 2018, Nijeriya na ciki. Ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya su tambayi Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama jirage nawa wannan yarjejeniya ta ƙara wa Kano da Sakkwato.