Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk ɗan kasuwar Kano da ya je sari a unguwar Dera ta birnin Dubai ya ga jiragen ruwa na katako jere a bakin mashigin ruwan da ake kira Khor Dubai. Ana loda musu tayoyi da firji da buhunan shinkafa zuwa Iran da Somaliya. A ganina, ranar da hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗin hadari, wajibi ne mai jirgi ya dakatar da lodi, ya shirya jirginsa, ko da zai yi asarar cinikin yini guda.

Wasu za su ce ai Dubai hamada ce, ruwan sama bai cika sauka ba. Gaskiya ne, amma a ranar 16 ga Afrilu, 2024, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ga ruwan da ba ta taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara auna shi a 1949, har filin jirgin saman Dubai ya cika da ruwa. Ga kuma iskar Shamal mai kaɗowa daga arewa maso yamma, wadda ke tayar da igiyar ruwa.

Shirin ba shi da wuya. Sai a riɓanya igiyoyin ɗaure jirgi, amma kada a ɗaure su tamau, domin ruwan teku yana hawa yana sauka. A rataya tsofaffin tayoyi a gefen jirgi don kada ya gogi ɗan'uwansa. A rufe kaya da tamfol, a toshe duk kafar da ruwa zai bi, sannan a gwada injin zuƙe ruwa da batirinsa.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne mutane. A ranar 7 ga Afrilu, 1961, wani babban jirgin fasinja mai suna Dara yana tsaye a gaɓar Dubai sai guguwa ta taso. Matuƙinsa ya fita da shi cikin teku, ɗauke da mutanen da ba su samu damar sauka ba. Da asubahin washegari wani abu ya fashe a cikinsa, wuta ta kama, mutane 238 suka rasu. Ba guguwar ce ta haddasa fashewar ba, amma ita ce ta hana wasunsu sauka.

Saboda haka bai kamata mai jirgi ya bar leburori su kwana a ciki don gadin kaya ba. A sauke su tudu tun sararin sama yana garau. Ana iya sake sayen shinkafar da ta jiƙe, amma mutumin da ya nutse ba ya dawowa ga iyalinsa.