Almajirin Boko Ba Ya Bara

Yau ku yi mini afuwa, na ɗan ajiye labarin da muke ciki, saboda wata magana da ta tsaya mini a rai.

Akwai wata mai awara a layinmu, nan Gyadi-Gyadi. Ranar nan bayan magariba ina tsaye a wurinta sai ga wani saurayi da farar rigar likitoci a naɗe a hannu, cikin ɗaliban Jami'ar Bayero da ke karatu a Asibitin Malam Aminu Kano. Ya sayi 'yar kaɗan, ya ce a ƙara masa kabeji da yaji. Da ya wuce sai ta ce da ni, "Hajiya, wannan da kike gani shi da abinci sai gobe war haka." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Yaron da ya wuni yana faɗa wa marasa lafiya su ci kifi da ƙwai!

Su ɗaliban har suna suka sa wa abin: 0-1-0, wato ba kari, ba na dare, sai na rana kawai. Wani kuma 0-0-1 yake yi. Garin kwaki da sikari, garau-garau, ɗanwake, in an samu sarari a dafa Indomie. A aji ɗaya kuma akwai wanda direba ke kawo wa kula daga gida, ko ya ja mota zuwa Zoo Road ya ci shawarma ya kora da lemon kwalba. Ba na cewa nasa cin na lafiya ne, maiƙo da zaƙi ne zalla, amma shi zaɓa ya yi. Ɗan malamin firamare da ya zo daga ƙauye bai zaɓi komai ba. Jarrabawa ɗaya za su zauna, a ce wai an gwada ƙwaƙwalwa.

Da ba haka abin yake ba. A shekarun 1970 jami'a ce ke dafa wa ɗalibi abinci da tallafin gwamnati, ɗan sarki da ɗan talaka layi ɗaya suke bi da tikiti. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ne ya tayar da zanga-zangar Ali Must Go a 1978, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Daga baya aka daina ciyarwar, kowa ya koma kan aljihun ubansa. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, duk mai zuwa cefane Kasuwar Tarauni ya san inda kwanon shinkafa da wake suka dosa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya zo da naira dubu 20 a wata. An gode, amma a raba ta kwana talatin, a cire kuɗin Adaidaita Sahu da na hoton takardu, a ga abin da zai kai ciki.

Mu marubuta ma da namu laifin, ni a ciki. Jarumarmu in ta shiga jami'a sai kaza da mota da saurayi mai kuɗi. Ban tuna ranar da na rubuta wadda ta shiga lacca cikinta na ƙugi ba, alhali irin wannan yunwar ce ke tura wasu 'yan matan motar da ba ta ubansu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu Kanawa mun san yadda ake ciyar da mai neman ilimi. Wane gida ne a Tarauni ba shi da almajirin da ake ajiye wa kwano? Amma shi almajirin boko ya sa riga mai guga, ya rataya jaka, kunya ba za ta bar shi ya tsaya a zaure ya yi sallama ba, mu kuma sai mu ɗauka a ƙoshe yake. In akwai ɗalibi mai haya a layinku, ba sai ya roƙa ba. A tura yaro da tuwo, a ce "in ji Umma, wai ka ɗanɗana miyarta," yadda ba zai ji nauyi ba.

Ni dai na yi magana da mai awarar nan. Gobe in ya zo za ta ce masa gyara ce.