A Sa Wa Saƙo Shaida Kamar Yadda Ake Sa Wa Buhu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda albasa daga Galmi zuwa Kumasi ko Abijan ya san ba a ɗora buhu a mota sai an rubuta masa shaida. Ba don shaidar nan ba, da ranar sauke kaya sai an kai ga hukuma. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa muke kula da buhu amma muke sakaci da saƙo?

A yau cinikinmu da yawa, daga Bambeye har babbar kasuwar Tawa, ta wayar salula ake ƙulla shi. Odar kaya da tunin bashi da sanarwar biki duk a wuri ɗaya suke taruwa. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ta kwana ba ta ga odar da aka yi mata ba saboda gaisuwa ta binne ta, washegari mai saye ya koma wurin wata. Wani kuma ya rantse ya biya, a nemi saƙon a rasa, zumunci ya ɓaci.

Alhali maganin yana hannunmu. Gmail, wanda ya fito a shekarar 2004, yana da matata: mutum ya umarce shi sau ɗaya cewa duk wasiƙar da kanta ke ɗauke da kalmar "bashi" a liƙa mata lakabi, daga nan shi zai riƙa yi da kansa. WhatsApp Business ma ya zo a 2018 da hanyar ware wanda ya biya da wanda ake bi.

Sai dai na'ura ba ta duba, abin da aka rubuta take bi. Don haka a ganinmu gyaran daga wurinmu zai fara. Kowane saƙon ciniki mu buɗe shi da kalma ɗaya da muka yarda da ita: ODA, BASHI ko BIYA. Iyayenmu mata da suka fi sabawa da saƙon murya, su sa yaro ya rubuta kalmar kafin su yi magana, domin ranar nema da ita za a lalubo saƙon.

Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da uwayen adashi su zauna su tsayar da waɗannan kalmomi, kowa ya bi. Allah Ya sa albarka a kasuwa.