Mai ciwon gwiwa ma za ta iya ɗaure cinyarta ba tare da tsallen kwaɗo ba

Bayan ƙaramar Sallah na je gaishe da yayata a wani ƙauye kusa da dajin Ɗansoshiya, a Ƙaramar Hukumar Kiru. Na tarar da ita a tsakar gida ta miƙe ƙafa a kan tabarma, gwiwar dama ta kumbura, an lafta mata man zafi an ɗaure da ƙyalle.

Na ce, "Yaya, faɗuwa kika yi?"

Ta ce, "Ina fa! Wayar yarinyar nan ce ta ja mini." Ta nuna babbar 'yarta da baki.

Yaya ta haura shekara 45, haihuwarta bakwai, jiki ya yi nauyi. Idan tana tafiya cinyoyinta na gogar juna, lokacin zafi har fatar ta yi ja ta dinga raɗaɗi. Sai 'yarta ta nuna mata wani bidiyo da ke alƙawarin ɗaure cikin cinya cikin kwana 30: a tsuguna a miƙe sau 50, a bi shi da tsalle. A rana ta huɗu gwiwar da dama take yi mata ciwo ta kumbura. Tun daga ranar ta rantse ita da motsa jiki har abada, ta koma aiken yaro kemis ya karɓo mata haɗin ƙwayoyi.

Kuskure biyu ta yi, kuma na biyun ya fi na farkon haɗari. Wannan rubutu saboda ire-irenta ne, mata da maza, daga Bebeji har Doguwa.

Me ya haɗa cinya da gwiwa?

Gwiwa ba ta riƙe kanta. A gaban cinya akwai tsokoki huɗu da suka haɗu a ƙoƙon gwiwa, su ke miƙar da ƙafa, su ke tare nauyin jiki duk lokacin da aka taka ƙasa. A cikin cinya kuma, daga matsematsi zuwa ƙasa, akwai wasu biyar da ke janyo ƙafa ciki, suna taimaka wa ƙugu ya tsaya daidai. Ɗaya daga cikinsu doguwa ce siririya, har ta ƙetare gwiwa ta manne a ƙashin ƙwauri.

Idan waɗannan tsokoki suka yi laushi, nauyin da ya kamata su raba sai ya faɗa kan gaɓar. Ga yadda abin ke tafiya: gwiwa ta yi ciwo, mutum ya rage motsi, tsoka ta zube, gwiwa ta ƙara ciwo, ya ƙara zama. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kan ciwon gwiwa dai ƙin tashin ma muguwar rawa ce.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai, wanda muke kira sanyin ƙashi. A cikinsu miliyan 365 a gwiwa yake, kuma kashi 60 cikin 100 na masu ciwon mata ne. Abin da likitoci ke sa wa a gaba wajen kula da shi kuwa shi ne ƙarfafa tsoka da rage ƙiba, magunguna suna biyo baya.

"Ai mu kullum cikin aiki muke"

Wannan ce amsar da na fi ji, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Mai dashen shinkafa a Tudun Wada yini yake a duƙe. Mai noman rani a gefen madatsar Tiga haka. Matar makiyayi a rugar da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙaddamar a Ɗansoshiya a 2020 takan yi tafiya mai nisa da ƙwaryar nono a ka. A gida kuma girki a kan kujera 'yar tsugunno ne, wanki a tsugune, bayan gida a tsugune, gaisuwa a durƙushe.

Amma wahala daban, ƙarfafa tsoka daban. Yawan tsugunno da durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru suna cikin abubuwan da aka sani suna jawo sanyin gwiwa. Wanda ya yini a tsugune ba ƙarin tsugunno yake buƙata ba. Shi ya sa bidiyon da aka yi domin 'yar shekara 22 mai lafiyayyar gwiwa ba zai dace da Yaya ba.

Motsi huɗu a kan tabarma

Waɗannan motsin masu gashin ƙashi sun daɗe suna koyar da su. Ba su buƙatar kuɗi ko kayan aiki, kuma a cikin ɗaki ake yin su, don haka maganar kunya ba ta taso ba. Da mace nake magana, amma namiji ma haka zai yi.

Na ɗaya, matsa filo. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki sa filo tsakanin gwiwoyin, ki matse shi ki ƙirga biyar, ki saki. Sau 10. Za ki ji aikin a cikin cinya.

Na biyu, ɗaga ƙafar ƙasa. Ki kwanta a gefe, ki lanƙwaso ƙafar sama ki ɗora ta a kan filo a gabanki. Ƙafar ƙasa tana miƙe, ki ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ki sauke a hankali. Sau 10, sannan ki juya ɗaya gefen.

Na uku, ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa. A rigingine, gwiwa ɗaya a lanƙwashe, ɗaya ƙafar a miƙe. Ki ɗaure gaban cinya, ki ɗaga ta har ta zo daidai da ɗaya gwiwar, ki sauke a hankali. Sau 10 kowace ƙafa. Wannan shi ne babban gatan gwiwa.

Na huɗu, ɗaga ƙugu. A rigingine da filo tsakanin gwiwoyi, ki ɗaga ƙugu sama, ki ƙirga uku, ki sauke. Sau 10.

Duka ba su wuce minti 15 ba. Ki fara da kwana uku a mako, in sau 10 ya yi yawa ki fara da biyar. Kada ki riƙe numfashi. Ki haɗa da tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya gwargwadon ƙarfinki. Maza masu keke su ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ya sauka. Sauyi yakan fara bayyana ne bayan mako shida zuwa 12, ba kwana huɗu ba.

Ma'aunin kuwa jiki magayi: ɗan tsamin jiki da ya lafa kafin washegari ba komai ba ne. Ciwo mai suka, ko kumburin da ya ƙaru, alama ce a rage ko a dakata.

Abin da masu bidiyo ba sa faɗa

Babu motsin da ke narkar da kitsen wuri ɗaya. Matsa filo zai ɗaure tsoka, amma kitsen da ke kanta sai jiki gaba ɗaya ya ragu yake raguwa. Wannan kuwa aikin kwano ne: rage malmalar tuwo, rage lemon kwalba da sukarin shayi da koko, ƙara ganye da wake. Lada a nan babba ce, domin bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, nauyin da ke sauka a gwiwa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu.

Sai maganar ƙwayoyi. Irin su diclofenac da ibuprofen suna kashe zafi, amma shan su kullum wata da watanni ba tare da likita ba yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna kuwa, mai sha bai ma san me ya haɗiya ba.

Akwai gwiwar da ba tabarma take buƙata ba. Idan ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko tana maƙalewa, ko tana sakin mutum ya faɗi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur har an kasa takawa, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba. Mai ciki, mai jego, wadda aka yi wa tiyata da mai sikila su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Kira ga hukuma

Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna da ƙwararrun masu gashin ƙashi, amma duk a birni suke. Matar da ke Riruwai, sai ta ratsa dajin Falgore ta kashe yini da kuɗin mota kafin a nuna mata abin da za a iya koya mata cikin minti 10 a garinsu. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano za ta iya sa ƙwararrun nan su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, su kuma su koyar a ranakun rigakafi da makarantun Islamiyya na matan aure. Gidajen rediyonmu da ke cike da tallan maganin sanyi su ma su ware minti biyar domin wannan.

Kafin na baro, na zauna da Yaya na nuna mata motsin filo. Ta yi dariya ta ce, "Yanzu wannan wasan yaran ne zai yi mini magani?" Na ce ta fara zuwa a duba kumburin, in ya saɓe ta ba ni wata biyu. Abin da take so ba wani abu ba ne mai yawa: ta je biki ta dawo cinya ba raɗaɗi, ta yi sujada ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita.