Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnatin Jihar Sakkwato Kan Garin Degel

Mai Girma Gwamna,

Ina so in ja hankalin gwamnatinku zuwa Degel, a ƙaramar hukumar Gwadabawa.

A wannan ƙaramin gari Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi, bayan iyayensa sun baro Maratta inda aka haife shi a 1754. A nan almajirai suka riƙa kwararowa da allunansu daga ko'ina, har ƙauyen malamai ya zama cibiyar ilimi a ƙasar Gobir. A nan aka haifi 'yarsa Nana Asma'u. Daga nan kuma Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, da zama ya gagara tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa.

Dattawan da suka gaji labarin unguwanni da rijiyoyi da kushewun Degel suna ta raguwa. Ina roƙon a tura masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su naɗi bayanansu, a killace wuraren tarihi, a kuma buga ɗan littafi da Hausa da Fulatanci domin ɗalibanmu na firamare. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani ɗan jiha mai kishin tarihi