Sabon Maganin Daji Da Majinyatanmu Na Batsari Da Safana

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan maganin ciwon daji, wato sankara.

Duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo ya san wahalar ruwan maganin da ake ɗaura musu. Na gani a jikin gwaggota, Allah ya jiƙanta: ga amai, ga zubewar gashi, ga rama. Dalili kuwa, maganin yana bin jini ko'ina, ba ya bambanta tsoka mai lafiya da mai cuta.

Shi ya sa masana suka fito da dabarar ƙunshe maganin cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda sai an jera kamar 10,000 kafin su kai milimita ɗaya. Jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin daji suna da 'yan kafofi, ta nan ƙwayoyin ke zurarewa su taru a wurin ciwon. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, wanda bai cika lahanta zuciya kamar na da ba. A 2005 Abraxane ya biyo baya don sankarar mama. Amma fa a yi hattara, wani nazari na 2016 kan gwajin ɓeraye ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ke isa ƙarin. Ga kuma ɗan karen tsada.

To Edita, ina amfanin maganin da ya san hanyar ciwo in majinyaci bai kama hanyar asibiti ba? Gwaggo ta shekara tana ɓoye ƙullutu a ƙirji, wai an ce mata daji ba ya son allura. Ko da muka kai ta, lokaci ya ƙure.

A 2025 an buɗe cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, madalla. Saura ƙananan hukumominmu biyu su koya wa ma'aikatan lafiya na Ruma da Runka da sauran ƙauyuka gane alamun ciwon da wuri, su kuma agaza wa talaka da kuɗin mota. Malamanmu, don Allah ku faɗakar a huɗuba: ƙullutu ba abin kunya ba ne, a kai wa likita tun yana ƙarami.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, amin.

Daga mai karatunku,
Batsari, Jihar Katsina.